Murhun Merv Mai Kai Uku

Shekara talatin da 'yan kai Merv Treloar yana gasa nama a kan murhun bulo da ya gina da hannunsa a tsakar gidansa a garin Geraldton da ke bakin teku, kuma ba a taɓa jin ya kushe shi ba. Murhun a karkace yake, domin ranar da aka yi ginin abokansa sun zo taya shi da kwali biyu na giya. Duk kitsen da ya narke gefe guda yake gangarawa, soseji ma, naman nan da ake ɗurawa a hanji, in ba a tare su ba sai su bi sahu. Amma Merv direban motar 'yan makaranta ne, ya saba haƙuri da abin da ba ya jin magana. Yakan tsaya a gaban murhun da gajeren wando da hular da rana ta gama cinyewa, hayaƙin itace yana shiga idonsa, shi kuwa yana jin duk garin ba wanda ya kai shi morewa.

A shekarar da abin ya faru zafi ya sauka da wuri. Tun watan Nuwamba, wanda a can farkon bazara ne, ciyawa ta bushe ƙayau, iskar kudu ba ta hutawa, kuma kusan kullum sai rediyo ya sanar an hana kunna wutar itace ko gawayi a fili saboda gobarar daji. Ana cikin haka ɗansu Wade ya zo da labarin zai auri Meleane, wata ma'aikaciyar jinya 'yar mutanen tsibirin Tonga da ke zaune a can ƙarshen gari. Glenys, matar Merv, ba ta yi shawara da kowa ba, ta ɗauki waya ta gayyaci iyayen yarinyar cin abinci ranar Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti. Sai da ta ajiye wayar sannan ta leƙa taga ta dubi murhun bulo, ta juyo ta dubi mijinta.

Ta ce lallai ya sayi murhun gas, tunda shi doka ta yarda a kunna a gida ko a ranar hani. Ba za ta tara surukai ta ba su ɗanyen nama ba, ba kuma za ta bari motar kashe gobara ta zo ta yi musu wanka a gabanta ba. Merv ya yi gardamar da ta kamata, ya ce naman gas ba gashi ba ne, ɗumame ne. A ransa kuwa wani abu ya motsa, don ya daɗe yana leƙen na maƙwabcinsa ta saman katanga.

"Dala ɗari uku," in ji Glenys. "Ko sisi ba ƙari. Har yau ba mu farfaɗo daga gyaran rufi ba."

Maƙwabcin nan, Stavros Kalogeras, masunci ne mai jirgin kansa, manyan jatan lande yake kamawa ana fita da su ƙasashen waje. Murhunsa na gas mai kai shida ne, wato bakin wuta shida, yana walƙiya kamar motar amarya, ga murfi, ga agogon auna zafi, har da wata 'yar fitila a ciki. Da Merv ya gaya masa abin da aka ware masa, Stavros ya kama kai kamar wanda aka sanar da rasuwa. Can ya jingina da katanga ya shiga ba da shawara. Ya ce a garin da iskar teku ke cin ƙarfe kamar gara, abin dubawa na farko shi ne ƙarfen kansa. A tafi da maganaɗisu. In ya manne, tsatsa na nan tafe. In ya faɗi ƙasa, to an samu na gaske. Sannan kada magidanci ya kuskura ya sayi abin da bai kai kai huɗu ba, domin baƙi suna ƙirgawa ko da ba su faɗa ba.

Maganar ƙirga ta tsaya wa Merv a rai. Da Wade ya kawo Meleane gaisuwa, sai ya tambaye ta mutum nawa za su zo. Ta yi murmushi ta ce ai dangi na kusa ne kawai, Baba. Merv ya lissafa uwa da uba, ƙila da ƙanne biyu, ya ce to madalla. Wade ya buɗe baki kamar zai yi magana, Meleane ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, sai ya ɗauki ruwa ya sha.

Ranar Asabar da safe Merv ya ja Glenys zuwa babban shagon kayan gini. Maganaɗisun da ya samu a gida guda ɗaya ne, wani mai siffar abarba da suka sayo a jihar Queensland shekarun baya, yana manne a jikin firji. Shi ya zuba a aljihu. An jera murhuna a layi tun daga ƙanana har zuwa waɗanda sai an ɗaga kai ake ganin ƙarshensu. Merv ya fara daga inda kuɗinsa ya tsaya. Ya kai abarba jikin na farko, ƙwas, ta manne. Na biyu, ƙwas. Na uku ma tun bai kai hannu ba ta ƙwace ta tafi da kanta. Haka ya bi layin yana mannawa yana ɓamɓarewa, Glenys tana biye da shi a nesa kamar ba tare suka zo ba. Sai a can ƙarshe abarbar ta zame ta faɗi ƙasa. Merv ya sunkuya ya ɗauka da fara'a, ya miƙe ya karanta farashin, ya ga ko motarsa aka sayar sai an yi ciko.

Wata mai jiran shago, dattijuwa mai tabarau a rataye a wuya, an rubuta Raelene a ƙirjin rigarta, ta daɗe tana kallonsa. Ta matso ta tambaya ko abarbar ce yake nema wa gida. Da ya yi mata bayani, ta tambaye shi su nawa ne a gidan. Ya ce su biyu. Ta nuna masa wani baƙi mai kai uku, farantinsa na baƙin ƙarfe mai nauyi, ta ce in ya riƙa shafa masa mai yana rufe shi, zai kai shi inda za shi. Merv ya dubi kawunan nan uku, ya sake ƙirgawa ko ɗaya ya ɓuya, ya ce zai yi tunani.

"Yi tunaninka, yallaɓai," in ji Raelene. "Sai dai Kirsimeti ba ta jiran mai tunani."

Da yamma ya zagaya gidan Stavros don ba da rahoto. Stavros ya shiga ciki ɗauko abin sha, ya bar Merv da murhun mai kai shida, ga abarba a aljihu. Merv ya waiga hagu da dama, ya kai ta jikin murfin. Ta manne mannewar da ba ta yi ba ko a shago. Yana cikin kokawar ɓamɓarewa da farce Stavros ya fito da kwalabe biyu a hannu ya same shi. Suka dubi abarba, suka dubi juna. Stavros ya ajiye kwalaben ya ce wannan ai maganaɗisun Queensland ne, mutanen can komai nasu naci ne da shi. Sai da aka kawo wuƙa aka cire ta. Merv kuwa har ya koma gida yana fito.

Duk da haka kai uku ya ƙi kwanta masa. Glenys ce ta gano talla a wayarta: wata tsohuwa a hanyar Greenough tana sayar da murhun marigayi mijinta, mai kai biyar, a rabin kuɗin da ke hannun Merv. Ya ce abin nema ya samu. Ya ari a-kori-kurar Wade ya kama hanya, iska tana tura motar gefe, yana ta tsara yadda zai ambaci kai biyar ɗin a gaban Stavros kamar ba da gangan ba.

Tsohuwar, Misis Hocking, 'yar ƙarama ce mai sanda. Ta ba shi shayi ta ba shi tarihin marigayi tun daga ranar da suka haɗu a wurin rawa, kafin ta kai shi rumfar da murhun yake. Merv ya ga abu ƙato, ƙura ta rufe shi amma ba tsatsa, ƙafafunsa garau. Ya kama murfin ya ɗaga. A kan farantin gashi, a naɗe kamar gammo, mesa ce kwance, kaurinta ya kai damtsensa. Ta ɗago kai a hankali ta dube shi duban wanda aka tasa daga barcin rana.

Merv bai san lokacin da ya kai bakin mota ba, hularsa ma sai daga baya aka miƙo masa. Misis Hocking ta biyo shi da sandarta ba ta ko gaggawa. Ta ce ai ta manta ba ta faɗa ba, shekara biyu ke nan baiwar Allah tana zaune a ciki, ba ruwanta da kowa, tun da ta zo kuwa ɓera ko ɗaya bai ƙara shiga rumfar ba.

"In za ka tafi da ita, ɗan nan, zan rage maka hamsin," in ji ta. "In kuma murhun kaɗai kake so, to kai za ka gaya mata ta tashi. Ni ba zan iya ba, mun saba."

Merv ya ce zai yi tunani. Ya shiga mota ya kulle ƙofa, sai da ya hau kwalta ya daina duba ƙarƙashin kujera.

Da ya koma shago saura kwana biyu baƙi su zo, kuma mai kai ukun nan ya ƙare, sai wanda aka ajiye don nuni. Wani ya taɓa buge shi da amalanken kaya, murfin ya loba a gefe. Raelene ta ce saboda lobawar za a yi masa ragi, ga shi kuma a haɗe yake, ba sai ya kwana yana neman noti a cikin ciyawa ba. Merv ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa farantin, ya ga in ya juya lobawar wajen katanga ba mai gani sai Stavros. Ya saya, har da rigar rufe shi, ya ji kansa ɗan kasuwa. Sai a wurin biya ya tambaya ina tukunyar gas ɗin take. Aka ce ai ita daban ake saye. Ya dubi canjin da ke hannunsa, ko kwalin ashana sai an yi ciniki. Ya kira Glenys, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta ji, amma ɗari uku ta ce.

Stavros ne ya fitar da shi, ya miƙo masa wata tsohuwar tukunya ta saman katanga, ya ce cike take, bai fi sau ɗaya ya taɓa ta ba. Suka haɗa tiyo, suka shafa ruwan sabulu a mahaɗar don ganin ko tana yoyo, ba kumfa. Merv ya murɗa, wuta shuɗiya ta tashi layi uku. Ya tsaya yana kallonta, yana neman hayaƙi bai gani ba, ya ji kamar ya ci amanar murhun bulo da ke tsaye a kusurwa.

Ranar Asabar rediyo ya sanar da hani tun da safe. Merv ya jera abin da ya tanada: soseji na naman shanu, haƙarƙarin rago, albasa yankakkiya, biredi, abin da zai ishi mutum goma har a yi ragi. Da azahar mota ta tsaya a ƙofar gida, mahaifin Meleane ya fito. Sunansa Semisi Taufa, dattijon coci ne, faɗin kafaɗarsa sai da ya karkata kafin ya shiga ƙofar shinge. Ya rungume Merv har ƙafafunsa suka bar ƙasa. Matarsa ta rungume Glenys. Merv na shirin rufe ƙofa wata motar ta tsaya, bayanta wata, bayanta kuma doguwar motar coci. Goggonni da kawunnai suka yi ta fitowa, da 'ya'yansu, da wata kaka da aka sauko da ita a kan kujerarta. Merv ya ƙirga har talatin ya daina, don ƙirgar ba ta ƙara masa komai sai zufa.

Ya ja Wade gefe ya tambaye shi wannan ne dangi na kusa. Wade ya ce eh, na nesan suna can birnin Perth, sai ranar biki.

Merv ya koma gaban murhunsa ya tsaya kamar mai jiran hukunci. Amma baƙin ba hannu rabbana suka zo ba. Mata suka shiga sauke manyan faranti a rufe: gwaza da rogo da dankali, ɗanyen kifi a cikin madarar kwakwa, nama da aka naɗe a ganye aka dafa tun asuba. Tebur ya cika, aka ciro ƙofar ɗakin ajiya aka ɗora a kan durom biyu, ita ma ta cika. Maza kuma suka dire akwatunan ƙanƙara a gefen Merv, cike da tantaƙwashin rago da cinyoyin kaji, waɗannan na gashi ne. Merv ya dubi tulin nama, ya dubi kawunansa uku.

Semisi ya zo ya tsaya kusa da shi, hannu a baya, yana nazarin murhun. Merv ya ga idonsa yana bin maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya ce a ransa shi ke nan, an ƙirga. Ya fara bayanin cewa akwai wani mai kai biyar da ya so saye, sai aka samu 'yar matsala. Semisi ya girgiza kai. Ya ce su a rami suke gashi da duwatsu masu zafi, tun da aka fara hanin nan kuwa ramin coci yake a rufe, wata guda bai ci naman da ya ga wuta ba.

"Suruki, wannan abin albarka ne," in ji shi. "Kunna mana."

Aka yi addu'a mai tsawo, har sanyin ƙanƙara ya fara sakin kajin. Merv ya kunna, ya jera zubin farko. Sai iskar kudu ta taso kamar yadda ta saba da rana, ta hure kai ɗaya, ya kunna, ta hure biyu. Semisi ya yi magana da harshensu, ƙannensa uku suka taso suka jeru kafaɗa da kafaɗa a kudancin murhun. Iska ta zo ta same su ta koma. Ko gashin kan Merv bai ƙara motsi ba. Haka suka tsaya, ana miƙa musu faranti suna ci a tsaye, in ɗaya ya gaji wani ɗan'uwan ya karɓe shi, suna waƙa ƙasa-ƙasa da muryoyi masu kauri, Merv a tsakiya yana juya nama.

Ana zubi na huɗu wuta ta yi fur-fur ta mutu. Merv ya ɗaga tukunyar da yatsa biyu, ba komai a ciki. Ya juya wajen katanga, inda kan Stavros ya daɗe yana leƙe. Kan ya nutse. Jim kaɗan sai ga Stavros ta ƙofar gaba, ya ciro cikakkiyar tukunya daga murhunsa mai kai shida ya saɓo a kafaɗa, matarsa tana biye da kwandon jatan lande. Ya ce lallai ɗansa ne ya yi amfani da waccan bai faɗa ba. Ba wanda ya bi ba'asi. Kafin ya ajiye kaya an cusa masa faranti a hannu, kakar nan ta sa an zaunar da shi kusa da ita tana yi masa faɗan rama.

Murhun ya yi ta aiki har rana ta yi sanyi. Fentin murfinsa ya dafe, farantin ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi. Duk wanda ya zo karɓar nama sai ya dafa kafaɗar Merv ya yaba, goggonnin suna kiransa Baban Wade. Glenys ta wuce da tire ta raɗa masa cewa bai taɓa ciyar da mutane haka ba, kuma ba wanda ya ci toka. Merv ya ƙoshi da nama, ya ƙoshi da yabo. A wannan hali Semisi ya same shi, ya ce cocinsu na da walima ranar Kirsimeti, ko za a ara musu murhun na yini ɗaya.

"Haba suruki, ai naka ne," in ji Merv.

Glenys ta dube shi daga inda take, amma magana ta riga ta fita. Maza huɗu suka ɗauki murhun da ɗuminsa suka sa a motar coci, har da tukunyar Stavros.

Bayan Kirsimeti Merv ya kira, aka ce murhun yana gidan kawun Meleane, ana sunan jariri, kuma ana jiransa. Ya je da niyyar ɗauko kayansa, aka tarbe shi da waƙa, aka miƙa masa abin juya nama, aka ce ba wanda ya san hannun murhun kamarsa. Ya dawo gida da faranti uku a rufe, ba murhu, domin mako mai zuwa akwai wanda ya gama makaranta. Daga nan sai wasan ƙwallon matasan coci, sai tarbar wata goggo da ta zo daga Tonga.

Glenys ta yi mita kwana biyu ta bari, da ta lura tun Kirsimeti ba ta ɗora tukunya ranar Asabar ba. Yanzu duk ranar Juma'a da yamma, in Merv ya sauke 'yan makaranta ya ajiye mota, sai ya kira Semisi ya tambaya gobe a gidan wa ake. Da safe ya sa hularsa, Glenys ta shiga gaba, su tsaya a ƙofar Stavros su yi ham. Stavros yakan fito yana cewa shi fa tukunyarsa kawai zai je dubawa, sannan ya buɗe baya ya shiga da kwandonsa.